Gajiyar da Hutu Ba Ya Maganinta: Yadda Ake Binta Daki-Daki Har a Gano Abin da Ke Kawo Ta

Tambayar nan an yi min ita ba adadi, kuma kusan kullum magana ɗaya ce: "ina kwana a gajiye ina tashi a gajiye, na sha maganin maleriya, na sha na ƙarin jini, har ruwa an ƙara min amma jikin nan shiru, ya zan yi?" Toh yau dai bari in zauna in jero abin yadda ya kamata a bi shi. Gajiya alama ce kawai ta cewa wani abu na faruwa, kuma abubuwan da ke kawo ta suna da yawa sosai, tun daga rashin isasshen barci har zuwa ciwon zuciya, shi ya sa duk wanda ya fara da sayen magani toh ya faro ne daga ƙarshe. Ku bi matakan nan a jere don Allah, kar a tsallake na biyu ko da kuwa an ƙosa.

1. Fara tantance wace iri ce taka

Mutum huɗu za su ce maka "na gaji" amma abin da ke damun kowa daban ne, kuma likita ma abin da zai fara ƙoƙarin rabewa kenan, gara ka je masa da amsarka a hannu.

Akwai mai jin barci, da ya zauna shiru sai gyangyaɗi, a mota, a wurin aiki, ana cikin hira ma sai ka ga kai na lilo. Wannan yawanci matsalar tana wajen barcin dare ne ko wani magani da yake sha. Akwai mai haki, a zaune lafiyarsa lau amma ya hau bene ko ya ɗan ɗaga ƙafa sai numfashi ya gagara zuciya na dukan uku-uku, shi kuma jini ake fara dubawa da zuciya da huhu. Akwai mai raunin gaɓa na gaske, hannu ya kasa ɗaga abin da ya saba ɗagawa, tashi daga tsugune sai an dafa bango, ko fatar ido ta riƙa saukowa da yamma, wannan maganar jijiya ce ko tsoka kuma ba a jan lokaci a kanta. Sai mai mutuwar jiki, in an matsa masa ƙarfin yana nan amma ba ya jin yin komai, kai ya yi nauyi, ko wanka ji yake kamar wani babban aiki ne.

Kana iya haɗa biyu ko uku, ba komai, ka dai san wacce ta fi rinjaye.

2. Alamomin da ba a kwana da su

In gajiyar ta zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye wayar ka nemi mai kai ka asibiti yanzu:

- ciwon ƙirji ko jin an danne ƙirji, ko numfashi na gagara kana zaune ba ka yin komai
- suma, ko jirin da ke neman kayar da kai duk sanda ka miƙe
- aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ko jinin da ke zuba ya ƙi tsayawa
- ɓarin jiki ɗaya ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe
- ruɗewa, ko barcin da ake tashin mutum da ƙyar
- zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya
- ƙishirwa da yawan fitsari tare da amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri
- tunanin kashe kai ko jin gara ma a mutu a huta

Gargaɗi: mata da tsofaffi da masu ciwon suga, ciwon zuciya na iya kama su ba tare da wani ciwon ƙirji na a zo a gani ba, sai dai kawai wata irin gajiya ta farat ɗaya da zufa da tashin zuciya. Dattijon da jiya yake zirga-zirgarsa yau ya kasa tashi, kar a ce tsufa ne.

Wani gargaɗin kuma: in mutanen gida da yawa ne ke tashi da ciwon kai da jiri da kasala lokaci guda, kuma in an fita waje sai a ji sauƙi, a duba janareta ko gawayi ko duk wani abin da ke ci da wuta a rufaffen wuri. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa cikin barci. A fita waje, a buɗe ko'ina, a je asibiti.

Akwai kuma waɗanda ba na gudu a daren ba ne amma ba a wuce kwana kaɗan ba a ga likita ba: rama ba dalili, zufar dare mai jiƙa riga, zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, tarin da ya kai sati 2, kaluluwa ko wani ƙullutu da ya ƙi bajewa, kumburin ƙafa, kasa kwanciya rigingine sai an tara filo, idanu sun yi rawaya. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya tsallake kai tsaye zuwa mataki na 6.

3. Ɗauki sati 2 kana rubutawa

In ba ka da ko ɗaya daga na sama, kayan aikinka na farko biro ne da takarda, ko wurin rubutu na wayarka. Kullum ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, sau nawa ka farka da dalilin farkawar (fitsari ne, tari ne, tunani ne, yaro ne), sannan ka ba ƙarfin jikinka maki daga 1 zuwa 10 da safe da rana da dare. Ƙara da duk abin da ka sha mai hana barci da lokacin da ka sha shi, da duk ƙwayar da ka haɗiya. Mace ta rubuta ranar da al'ada ta zo, kwana nawa ta yi, da sau nawa take canza auduga a rana. In akwai sikeli ka hau ranar farko ka rubuta, don "ina ganin kamar na rame" da "na sauke kilo 4 a wata 2" ba ɗaya ba ne a kunnen likita.

Na san wasu za su ce wannan ai ɓata lokaci ne. Wallahi ba haka ba ne, mintunan da za ka samu a gaban likita kaɗan ne kuma mutum in ya zauna a kujerar nan rabin abin da ya zo da shi mantawa yake, takardar nan ita za ta yi magana a madadinka. Kuma sau da yawa kai da kanka za ka ga bakin zaren, misali wanda ke tashi a gajiye tun asuba daban yake da wanda ke tashi garau sai rana ta yi jiki ya mutu.

4. Duba barcinka da gaske

Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. In lissafin takardarka ya nuna awa 5 kake samu toh ka riga ka ga babban dalili ɗaya, gyara shi tukuna: lokacin kwanciya da na tashi su zama ɗaya kullum, waya ta bar hannu kafin a hau gado, kuma kofi da shayi mai ƙarfi da lemukan ƙara kuzari a daina su tun da rana, don sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke ciki bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini bai fita ba. Giya ma haka, tana saurin kawo barci amma barcin ba ya yin nauyi.

Amma wanda ke cika awa 8 yana tashi kamar bai runtsa ba, sai ya tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya: ina minshari mai ƙarfi? Numfashina na ɗaukewa sai in yi firgigit in ja iska? In amsar eh ce, ga kuma ciwon kai da bushewar baki da safe da gyangyaɗin rana, akwai yiwuwar hanyar iska ce ke toshewa cikin barci. An fi ganinta ga masu ƙiba da masu kaurin wuya da masu hawan jinin da ya ƙi jin magani, amma siriri ma na samu. Ana tabbatar da ita da gwajin barci, kuma akwai na'urar da ake sawa a hanci da dare mai suna CPAP da ke buɗe hanyar.

Gargaɗi: in kana gyangyaɗi a kan sitiyari ko a gaban inji, ka dakata da tuƙin har a gano matsalar. Kuma kar mai irin wannan minsharin ya sha maganin barci, ƙara toshe numfashin yake.

5. Tattaro duk abin da kake sha a leda ɗaya

Duka fa, na asibiti da na kemis da na gargajiya da bitamin da wanda wani ya ba ka ya ce ya masa aiki. Magunguna da yawa gajiya na cikin illarsu kuma mutane ba sa kawo su a lissafi: maganin mura da ƙaiƙayi irin su chlorpheniramine, wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol, amitriptyline, diazepam, maganin farfaɗiya, da masu kashe ciwo masu ƙarfi irin tramadol da codeine. Wasu kuma a kaikaice suke yi. Ibuprofen da diclofenac da aspirin in ana yawan shansu suna iya sa ciki ya riƙa tsiyayar jini kaɗan-kaɗan ba ka sani ba har jini ya yi ƙasa. Metformin na masu suga da omeprazole na masu ulsa in an daɗe a kansu suna iya rage bitamin B12.

Gargaɗi: kar ka tsayar da maganin da likita ya ɗora ka a kai da kanka, musamman na hawan jini da na farfaɗiya da na damuwa. Wanda ya fi haɗari shi ne prednisolone da dexamethasone, duk wanda ya yi makonni yana shansu, ko likita ne ya rubuta ko shi ya saya don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, in ya yanke lokaci guda jiki na iya rushewa da matsananciyar kasala da amai da faɗuwar awon jini har ta kai ga rasa rai. A hankali ake janye su kuma likita ne ke tsara yadda za a yi.

6. Lokacin zuwa asibiti da abin da za ka faɗa

In ka gyara barci ka duba magunguna, an yi sati 2 zuwa 4 gajiyar na nan, ko ta fara hana ka aikin da ka saba, lokaci ya yi. Mai juna biyu da mai jego da mai suga ko sikila ko ciwon ƙoda ko zuciya, da wanda ya manyanta, su ba sai sun jira wannan lokacin ba.

Babban likita na gama-gari za ka fara gani, ba sai ka nemi ƙwararre ba tukuna. Ka tafi da takardarka da ledar magunguna da tsofaffin sakamakon gwaji in akwai. In an tambaye ka kar ka tsaya a "jikina ne ba daɗi", faɗi yaushe ta fara, farat ɗaya ko a hankali, me kake iya yi da wanda yanzu ba ka iyawa, ko ta biyo bayan wata rashin lafiya ko haihuwa ko sabon magani. Abubuwan da ake jin nauyin faɗa su ne sau da yawa ke ɗauke da amsar: yawan jinin al'ada, jini a bayan gida, abin da ake sha na maye, raguwar sha'awa, kukan da ake yi a ɓoye. Likita ya ji irinsu ba iyaka, faɗa masa.

Ka tabbata an auna hawan jini da bugun zuciya da nauyi, an duba cikin fatar ido da tafin hannu, an taɓa wuya da ciki, an saurari ƙirji.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuwa dakin gwaji kai tsaye a ce "a min gwajin komai da komai". Babu wani gwaji ɗaya da ke duba komai, kuɗi kawai za ka zubar ka fito da takardu cike da lambobi wasu sun ɗan kauce ba tare da suna nufin wani abu ba, hankalinka ya ƙara tashi.

7. Gwaje-gwajen farko da abin da kowanne ke nema

Ba lallai a yi maka duka ba, labarinka ne zai nuna wanne. Amma ga waɗanda aka saba farawa da su, kuma mafi yawansu jini ne ɗan kaɗan da fitsari.

Ƙidayar jini gaba ɗaya, a takarda za ka ga an rubuta FBC ko CBC. Lambar da za ka fara nema ita ce Hb, wato yawan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 13 ga namiji babba ƙarancin jini ne, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. Wannan gwajin ya fi PCV (awon yawan jini da aka saba yi) kaɗai amfani nesa ba kusa ba, don yana nuna girman ƙwayoyin jinin, ƙanana sun fi nuna ƙarancin sinadarin ayon (sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi), manya kuma B12 ko folik asid, ga kuma fararen ƙwayoyin jini da yake ƙirgawa.

Feritin, shi ke nuna ajiyar ayon a jiki. Wannan ina so mata su riƙe sunansa, saboda ana iya samun Hb lafiya lau amma ajiyar ta ƙare, mace na fama da kasala da zubewar gashi da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin ƙasa ana ce mata jininki ya isa. Ƙasa da 15 tabbas ya yi ƙasa, likitoci da yawa ma daga ƙasa da 30 suke ɗaukar mataki. Sai dai in akwai zazzaɓi ko wani kumburi a jiki lambar na hawa ta ɓoye gaskiya, don haka ba a yinsa ana tsakiyar rashin lafiya.

Suga. Na azumi ana yinsa ne bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, in ya kai 7.0 a ma'aunin mmol ko 126 a ma'aunin mg kuma an maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. HbA1c ba ya buƙatar azumi, yana nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, 6.5 zuwa sama shi ne iyakar. Gargaɗi: mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, HbA1c na iya ba da lambar ƙarya, a faɗa wa likita tun kafin a ɗiba.

TSH, na ƙwayar tayiroyid da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. In aikinta ya yi ƙasa sai ka ga kasala da jin sanyi da ƙiba da bushewar fata da taurin bayan gida da mantuwa, kuma abin da ke rikita mutane shi ne a irin wannan halin TSH sama yake hawa. In aikinta ya yi yawa kuma ga rama ga zufa ga rawar hannu ga bugun zuciya, nan ma gajiya ce. Ciwon tayiroyid ya fi kama mata, har da cikin shekarar farko bayan haihuwa. Mai shan bitamin na gyaran gashi da farce mai biotin ta faɗa, yana rikita sakamakon.

Sai na ƙoda da gishirin jini, da na hanta, da fitsari. Ƙoda na iya lalacewa sosai ba ciwo ba komai sai kasala da rashin cin abinci, musamman ga mai suga ko hawan jini. Duk macen da ke shekarun haihuwa a yi gwajin ciki ko da tana ganin ba shi ba ne. Sannan HIV da ciwon hanta nau'in B da C, kar ka ji haushi in an rubuta maka, ukun nan suna iya shekaru a jiki ba alamar da ta wuce gajiya kuma dukkansu akwai magani. Mai tari ko zufar dare ko rama a ƙara da gwajin majina da hoton ƙirji saboda tarin tibi.

Maganar maleriya da taifot kuwa, nan ne aka fi asarar lokaci. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini a tabbatar kafin a ba da maganin maleriya. Gajiyar wata uku ba zazzaɓi, a ce kowane wata sai an sha maganin maleriya, wannan rufe ido ne kawai. Gwajin Widal guda ɗaya kuma ba ya tabbatar da taifot, yana nuna alama ga mutanen da ba su da ita, a ɗora su a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na banza alhali ainihin matsalar na can tana ci.

Ta fuskar kuɗi, ƙidayar jini da suga da fitsari da gwajin ciki su ne masu sauƙi kuma su suka fi kama abubuwan da aka fi samu. Feritin da TSH da B12 sun ɗan fi tsada, gwajin barci da hoton zuciya da na leƙa ciki su ne manya. In aljihu bai kai ba ka faɗa wa likita kai tsaye ya jera maka wanne ne gaba, ya fi ka karɓi takarda ka tafi gida ka ajiye ba ka yi ko ɗaya ba. Kuma ka karɓi kwafin sakamakonka ka ɗauke shi hoto.

8. In an ce jininka ya yi ƙasa

Tambayar da za ka yi nan take ita ce: me ya jawo? Shan maganin ƙarin jini alhali jinin na zuba ta wani wuri zuba ruwa ne a kwando. Ga mace mai al'ada yawanci ta nan ne, in yana wuce kwana 7, ko kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko yana fita guda-guda manya, wannan ya yi yawa ko da kuwa haka kika saba tun farko, kuma akwai maganin rage shi. Akwai tsutsar ciki da tsargiya da ulsa da basir mai jini da yawan haihuwa kusa-kusa, akwai kuma waɗanda hanjinsu ne ba ya tsotsar ayon ɗin.

Gargaɗi mai muhimmanci: namiji babba, ko macen da al'ada ta ɗauke mata, in aka same su da ƙarancin ayon dole a binciki ciki da hanji, don wani lokaci ita ce alamar farko ta kansar hanji, kuma wadda aka kama da wuri ana warkewa. Kar a karɓi ƙwaya kawai a tafi.

In an ba ka ƙwayar ayon, ka raba ta da shayi da kofi da madara da maganin ƙwannafi da kamar awa 2, mai shan maganin tayiroyid na levothyroxine kuma ya raba su da awa 4. Bayan gida zai yi duhu, yana iya tauri, wannan ba abin tsoro ba ne, in ta dame ka da tashin zuciya ka koma a canza maka tsari, ana iya mayar da ita kwana ɗaya bayan ɗaya. A sake gwaji bayan kamar sati 4 a ga ko Hb na hawa. Kuskuren kowa shi ne dainawa da zarar an ji ƙarfi, alhali ana ci gaba ne kamar wata 3 bayan Hb ya daidaita don ajiyar ta cika. A ɓoye ta nesa da yara, yaro in ya haɗiye da yawa guba ce mai kisa. Mai sikila ko wanda ake yawan ƙara wa jini kar ya sha ayon sai gwaji ya nuna yana buƙata, don nasu na iya yin yawa. Wanda kuma ke jin dindiris ko kamar ana tsira masa allura a ƙafa da hannu, a duba B12 kafin a ɗora shi a kan folik asid kaɗai, don folik na iya gyara lambar jinin jijiyoyi kuma na ci gaba da lalacewa.

Ƙarin ruwa da allurar bitamin da ake yi don "a samu ƙarfi" ba sa maganin mafi yawan abubuwan nan, ga mai ciwon zuciya ko ƙoda ma ruwan na iya taruwa a huhu.

9. Kar a bar maganar damuwa a baya

Ciwon damuwa na cikin manyan abubuwan da ke kawo gajiya mai daɗewa, kuma mutane da yawa da jiki yake fara musu, ciwon kai, ciwon baya, nauyin ƙirji, kasala. Tambayi kanka tsakani da Allah: a sati 2 da suka wuce, kusan kullum raina a ɓace yake ko na yanke ƙauna? Abubuwan da da nake jin daɗinsu yanzu ba sa burge ni? In ɗaya ta zama eh ka faɗa wa likita, akwai 'yar takardar tambayoyi 9 mai suna PHQ-9 da ake cikewa cikin minti kaɗan. Fargaba ma haka take cinye ƙarfi, mutum na kwance amma kansa bai kwanta ba. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne ba kuma lalaci ba, ana maganinsa da zaman tattaunawa da ƙwararre ko ƙwaya ko duka biyun, ƙwayar kan ɗauki sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a fara jin canji don haka kar a yar da ita a satin farko. Mai jego da ta wuce sati 2 tana kuka da jin ta kasa, 'yan uwa ku kai ta a duba ta, ku kuma karɓar mata jaririn ta samu barci.

Sai dai kuma samun damuwa ba ya hana a yi gwajin jini, ana iya haɗa biyun a jiki ɗaya.

10. In duk sakamako ya fito lafiya

Wannan na faruwa sosai kuma ba yana nufin ƙarya kake ba. Kafin ka fita ka tambayi likita yaushe zan dawo, kuma wace alama ce in na gani in dawo kafin lokacin. In bayan wata 1 zuwa 3 ba canji ka koma wurin likitan da ya fara ganinka, yawon canza asibiti na sa kullum a faro daga farko. A zagaye na biyu ne ake duba su B12 da bitamin D da sinadarin kalsiyam da alamun kumburi a jini da hoton zuciya, gwargwadon abin da ya bayyana. A tsakanin nan ka ɗan riƙa motsa jiki daidai ƙarfinka, tafiyar minti 10 zuwa 15 ana ƙarawa a hankali tana taimakon mafi yawan mutane.

Amma akwai waɗanda wannan shawarar ba tasu ba ce. In ka lura duk sanda ka ɗan yi aiki, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, sai washegari ko bayan kwana 2 ka rushe gaba ɗaya ka yi kwanaki ba ka dawo ba, ga barcin da ba ya wartsakarwa ga kai kamar an zuba hazo, musamman in abin ya faro bayan wata rashin lafiya irin korona, ka faɗa wa likita wannan da bakinka, don alama ce ta ciwon matsananciyar gajiya mai daɗewa da ake kira ME/CFS ko kuma korona mai daɗewa. Babu gwajin jini da ke nuna shi, ana gane shi ne daga alamomi bayan an cire sauran dalilai, a Ingila ana tabbatarwa in an kai wata 3, a Amurka wata 6. A 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu wannan ciwon motsa jiki a kan tsari, saboda yana iya ƙara musu ciwo. Abin da ake yi shi ne mutum ya gano iyakar ƙarfinsa na rana daga takardar nan ta mataki na 3, ya rarraba ayyukansa ƙanana-ƙanana da hutu a tsakani, ya tsaya tun kafin ya kai iyakar, har a ranar da ya tashi yana jin garau.